Hawan Black Hill a watan Nuwamba: mu dawo ta hanyar duwatsu ko mu ratsa dausayin?

Sadiq_Longsight

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tuddan da ke tsakanin Manchester da Huddersfield. Mu ɗalibai ne 'yan kaɗan, muna so mu hau tudun da ake kira Black Hill ranar wata Asabar a tsakiyar Nuwamba. Mun zaɓe shi ne saboda tuddan Mam Tor da Kinder Scout sun cika da jama'a a ƙarshen mako, shi kuwa wannan ba kowa ke zuwansa ba, kuma tsayinsa mita 582 ne kawai. Shirinmu shi ne mu ajiye mota a Crowden, mu bi Pennine Way, doguwar hanyar masu tafiya da ƙafa, ta gefen duwatsun Laddow Rocks har ƙololuwa, sannan maimakon mu koma ta inda muka fito, mu zagayo ta Tooleyshaw Moss da White Low, tafiyar da ba za ta wuce kilomita 15 ba gaba ɗaya. Abin da ke damuna shi ne dausayin da ke kan hanyar dawowar. Wasu sun ce mutum yana iya nutsewa a cikinsa, wasu sun ce zuzutawa ce kawai. Shin waɗanda ba su saba ba za su iya ratsa shi lafiya a wannan lokaci na shekara? Kuma takalmin motsa jiki na yau da kullum zai wadatar?

Dattijon_Holmfirth

Wa alaikumus salam, ɗana Sadiq. Na daɗe ina zaune a gindin wannan tudu, saboda haka bari in raba maka tambayarka gida biyu, domin hanyar hawa da hanyar dawowar da ka ambata ba abu ɗaya ba ne.

Hanyar hawa ta Pennine Way a yanzu tana da sauƙin bi. A kilomitocin ƙarshe kafin ƙololuwa an shimfiɗa manyan falalen duwatsu a jere, kuma suna kai mutum har gindin farin ginshiƙin masu awon ƙasa da ke tsakiyar tudun, wanda ake kira Soldier's Lump saboda sojojin da suka yi aikin awo a wurin tun da daɗewa. Abin lura a wannan ɓangare biyu ne: hanyar da ke bin bakin Laddow Rocks siririya ce kuma tana dab da gangare mai zurfi, sannan akwai wuraren da za ku tsallake rafin Crowden Great Brook, wanda yakan cika bayan ruwan sama.

Hanyar dawowa ta Tooleyshaw Moss kuwa babu shimfiɗa a kanta. Daga ginshiƙin za ku nufi kudu maso gabas a kan fili shimfiɗaɗɗe wanda babu itace ko ɗaya, babu gini, babu wani dutse da za ka riƙe a ido, sai ɗan sawun mutane da yake bayyana ya ɓace. A ranar da sama ta washe bayan kwanaki babu ruwa, mutum zai wuce da jiƙaƙƙiyar ƙafa kawai. A Nuwamba, bayan ƙasa ta sha ruwan kaka ta ƙoshi, lamarin ya sha bamban, kuma idan gajimare ya sauko a kan tudun ba za ku ga abin da ya wuce taku ashirin a gabanku ba. Shawarata ita ce a wannan karo ku je ku dawo ta kan duwatsun. Batun takalmin motsa jiki kuwa, ku cire shi daga lissafi.

Binta_Jos

Ina girmama maganar Baba, amma ni abin yana ba ni mamaki. Garin Jos da na taso a ciki yana kan tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere kuma sun kai mita 1,829, kuma matasa suna hawansu da takalmin da suke zuwa makaranta da shi. Ta yaya tudun da bai kai rabin tsayin unguwarmu ba zai buƙaci wannan shiri haka?

Dattijon_Holmfirth

'Yata Binta, tambayarki tana kan hanya, kuma mutane da yawa da suka zo daga gida da wannan tunanin suke fara zuwa. Ba tsayin ne ke wahalar da mutum a nan ba. Jos tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, Black Hill kuwa ya wuce digiri 53, kuma iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ɗauke da ruwa tana dukansa kai tsaye babu abin da ya tare ta. A Shere ƙafarki tana kan dutse mai ƙarfi, idan ruwa ya jiƙa ki rana za ta busar da ke. A nan ƙafarki tana kan abin da mafi yawansa ruwa ne, kuma idan kin jiƙe a jiƙe za ki kasance har ki sauko.

Injiniya_Bashir

Ina so in yi bayanin abin da ake takawa a can, domin wanda ya gane shi zai fi sanin inda zai sa ƙafa. Aikina ya shafi tsabtace ruwan sha, kuma ruwan da ke gangarowa daga waɗannan tuddai yana cikin abin da muke fama da shi.

Abin da ya lulluɓe Black Hill ba ƙasa ba ce irin wadda ake nomawa. Tarin matattun tsirrai ne, musamman wata gansakuka mai tsotse ruwa, waɗanda ba su ruɓe sun ƙare ba saboda ruwa ya danne su, iska ba ta shiga, ga sanyi ga tsami. Shekara bayan shekara sabon tsiro yana hawa kan tsohon, tarin yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara. Ke nan inda kaurinsa ya kai mita biyu, kana tsaye ne a kan abin da ya ɗauki shekaru wajen dubu biyu yana taruwa, kuma akwai wurare a waɗannan tuddai da suka fi haka kauri. Ita wannan gansakuka tana iya riƙe ruwan da ya ninka nauyinta har sau ashirin, shi ya sa dausayin yake kwance a saman tudu, inda hankali zai ɗauka ruwa ya kamata ya gangara ya bar wurin a bushe.

Sunan tudun ma, wato baƙin tudu, ya dace da shi ne saboda lalacewar wannan shimfiɗa. Hayaƙin kwal daga masaƙu da masana'antun Manchester da garuruwan Yorkshire, tun daga ƙarni na 18 har cikin na 20, ya riƙa sauka da ruwan sama mai guba a kan tuddan, ya kashe gansakukar. Kiwon tumaki fiye da kima da gobara suka ƙarasa abin da ya rage, saman tudun ya zama baƙar laka tsirara, ruwa yana yanka kwazazzabai a cikinta. A wancan zamanin ne wurin ya yi ƙaurin suna. Alfred Wainwright, sanannen marubucin hanyoyin tuddan Ingila, ya taɓa maƙalewa a lakar wannan ƙololuwa sai da aka jawo shi, kuma maganganun da ya yi a kan wurin suna cikin abin da har yau ke tsorata mutane.

Daga shekarar 2003 haɗakar da ake kira Moors for the Future ta fara gyara. Jirage masu saukar ungulu suka watsa farar ƙasa don rage tsami, da taki, da irin ciyawa, aka shimfiɗa yankakkun rassan tsirrai don su riƙe lakar kada iska ta kwashe, aka toshe kwazazzabai da ƙananan madatsai, daga baya aka dawo da gansakukar. Wanda ya je yau zai tarar da ƙololuwar kore ce. Sai dai ku lura da abu ɗaya, ƙanena Sadiq: manufar gyaran ita ce wurin ya ƙara riƙe ruwa, saboda haka dausayin da ya samu lafiya ya fi jiƙa, ba bushewa yake yi ba.

Sadiq_Longsight

Na gode ƙwarai, Injiniya. Idan na fahimce ka, labaran nutsewa har ƙugu na zamanin da ne, yanzu kuma sai dai jiƙewa?

Injiniya_Bashir

A kan ita ƙololuwar da kan hanyar duwatsu, haka ne. A Tooleyshaw Moss kuwa har yanzu akwai ramuka masu laushi da ciyawa ta rufe bakinsu, kuma ba a gane zurfinsu da ido.

Abu_Hafsa

Zan tabbatar da wannan da abin da na gani. Mun bi wannan hanyar zagaye a wani watan Oktoba, bayan mako guda ana ruwa. Abokin tafiyata yana gaba, ya ga wani fili mai santsi, kore shar, wanda ya fi kewayensa kyau, ya taka shi da zaton ciyawa ce. Ƙafarsa ta dama ta shige har cinya, da ya yi yunƙurin dogarawa da ta hagu ita ma ta bi. Ba zurfin ne ya ba mu tsoro ba, riƙon ne, domin lakar tana kama takalmi kamar ana jansa daga ƙasa. Sai da ya sauke jakarsa, ya kwanta da baya a kan ciyawar da ke gefe don nauyinsa ya bazu, na miƙa masa sanda, ya zaro ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ya fito da takalmansa duka saboda ya ɗaure su tamau har idon sawu. Da takalmin motsa jiki ne, da can za a bar shi, kuma sauran tafiya mai nisa a gabanmu.

Duk da haka ban yarda da masu cewa kada a bi ta can ba sam. Ana koyon karanta wurin. Inda ya yi kore mai haske kuma ya kwanta sumul, a kauce masa. Inda ciyawa ta yi tuntu-tuntu, ko inda gajerun tsirrai masu itace-itace suka yi duhu, ƙasan ya fi ƙarfi. Sanda tana gaba, ƙafa tana binta. Kuma babu inda na ji natsuwa a duk ƙasar nan kamar tsakiyar wannan fili, inda ba ka jin komai sai iska da kukan tsuntsun nan mai kama da makwarwa da yake tashi firgigit daga gabanka.

Likita_Zainab

Ni daga ɓangaren asibiti zan yi magana, domin labarin Abu Hafsa ya tsaya ne a inda haɗarin yake farawa. Da wuya dausayin nan ya haɗiye mutum, amma wanda ya fito daga cikinsa ya jiƙe har cinya da ruwa mai sanyi, a kan fili da babu mafaka, iska tana kaɗawa. Jiki yana zubar da ɗumi cikin sauri idan tufafi sun jiƙe, kuma auduga ce ta fi muni a nan, domin tana shan ruwa ta manne a fata. Wandon jins da rigar auduga da yawancin ɗalibanmu ke fita da su ba su dace da wannan tafiya ba. A nemi na ulu ko na zaren roba a ciki, rigar ruwa mai hula da wandon ruwa a waje, safar hannu, da busasshiyar safa da riga a ƙulle cikin leda a jaka.

Ku kuma riƙa lura da juna. Wanda sanyi ya fara cin ƙarfinsa yakan yi ta rawar ɗari, ya yi shiru, ya fara tuntuɓe, maganarsa ta riƙa sarƙewa, kuma sau da yawa shi ne zai dage cewa lafiyarsa ƙalau. Idan kun ga haka ku tsaya, ku canja masa jiƙaƙƙun kaya, ku raba shi da ƙasa ta hanyar zaunar da shi a kan jaka, ku ba shi shayi mai zafi da sukari da abin ci. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, al'amarin ya tsananta, a kira taimako nan take. Ana kiran 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni. Waɗannan mutane 'yan sa-kai ne, daga gidajensu da wuraren aikinsu suke tasowa, kuma isowarsu tsakiyar dausayi da ƙafa yana ɗaukar lokaci mai tsawo.

Maman_Iman

Likita ta faɗi abin da ke raina. Ina da ƙarin tambaya ga Baba: wata hanya ce ta fi gajarta ga wanda yake so ya kai yara 'yan shekara goma zuwa sama su ga ƙololuwar?

Dattijon_Holmfirth

Hajiya, ki fara daga Wessenden Head a kan titin A635, wanda ya haɗa Holmfirth da Greenfield. Titin da kansa ya riga ya hau sama, daga nan zuwa ginshiƙin kimanin kilomita uku ne, mafi yawansa a kan shimfiɗar duwatsu. Akwai kwazazzabo ɗaya mai rafi, Dean Clough, wanda ake gangarawa a tsallake. Idan kin tarar ruwansa ya yi ƙarfi, ki juya da yaran. Da ni ne ke, da na jira ƙarshen Mayu ko Yuni, lokacin da wata ciyawa mai farin kai kamar auduga take rufe filin, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara.

Kabiru_Sheffield

Ku yi mini afuwa, amma ina ganin ana neman a mayar da tafiyar tudu ta zama tafiya a kan daɓe. Idan mutum zai bi falalen duwatsu ya je ya dawo, me ya bambanta shi da mai yawo a lambun shaƙatawa na cikin gari? Mutane sun sha wuya kafin a samu 'yancin taka waɗannan filaye. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka hau Kinder Scout da gangan ba da izinin masu filin ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1951 yankin Peak District, inda Black Hill yake, ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, a 1965 aka buɗe Pennine Way, sannan dokar shekarar 2000 ta ba kowa damar ya yi tafiya da ƙafa a irin waɗannan filaye ko da babu hanya. Sadiq da abokansa matasa ne masu ƙarfi. Su sayi taswirar yankin mai lamba OL1 ta Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, su koyi amfani da kamfas, su bi zagayen da suka tsara. Ba a ƙwarewa a dausayi ta hanyar kallonsa daga gefe.

Injiniya_Bashir

Malam Kabiru, tarihin da ka kawo daidai ne, kuma doka ta ba su damar. Amma duwatsun nan ba don a sauƙaƙa wa masu tafiya kawai aka shimfiɗa su ba. Kafin a sa su, kowa yana kauce wa taɓon da na gabansa ya kwaɓa, hanyar tana ta faɗi har ta zama wani babban tabo a jikin tudun. Da aka kawo falalen, waɗanda da yawansu daga daɓen tsofaffin masaƙun da aka rushe aka ciro su, sai ƙafafu suka taru a layi ɗaya, gefe da gefe ya farfaɗo. Gansakukar da aka dasa da hannu ba ta jure tattaki, musamman a lokacin da ƙasa ta jiƙe sharkaf. Akwai kuma abin da ya shafe mu duka ko ba mu taɓa hawa ba: lakar da ta zaizaye tana gangarawa cikin madatsun ruwan Longdendale da ke ƙasan Crowden, waɗanda aka gina a ƙarni na 19 don shayar da Manchester, tana rina ruwan ya koma kalar shayi, kuma cire wannan launi aiki ne mai cin kuɗi. Ban ce kada kowa ya bi ta Tooleyshaw ba, akwai sawu a can kuma mutane suna binsa. Ina cewa ne a bi sawun a jere, kada a bazu, kuma a zaɓi lokacin da ƙasa ta fi ƙarfi.

Kabiru_Sheffield

Na karɓi batun bin sawu a jere. Ban karɓi batun jiran rani ba, domin daga Maris zuwa Yuli tsuntsaye suna ƙwai a ƙasa a cikin wannan ciyawa, shi ya sa ma doka ta ce a riƙe karnuka da igiya a watannin. Kowane lokaci yana da abin da za a ɓata idan ba a kula ba.

Malam_Tukur

Assalamu alaikum. Ban ga wanda ya taɓo batun salla ba, alhali a tsakiyar Nuwamba yana cikin abin da zai tsara muku tafiyar. A yankin Manchester azahar tana shiga wajen ƙarfe goma sha biyu, la'asar kafin ƙarfe biyu, rana kuma tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu. Ke nan azahar da la'asar duka a kan tudu za su same ku, kuma tazarar da ke tsakanin Manchester da Crowden ba ta kai ta kasaru ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ku yi alwala kafin ku bar mota, ku riƙe ta, ku ɗauki shimfiɗar da ruwa ba ya ratsa ta. Alƙibla daga can tana wajen digiri 118 daga arewa, wato gabas maso kudu, kuma kamfas ɗin da Malam Kabiru ya ambata zai yi muku wannan aikin ma. Kada ku ce sai a ƙololuwa za ku yi salla, domin nan ne iska ta fi ƙarfi. Ku nemi lungun da gangare ya kare ku.

Binta_Jos

Allah ya gafarta Malam, idan alwalar ta warware fa? Ruwan da Injiniya ya ce kalar shayi gare shi, ya halatta a yi alwala da shi?

Malam_Tukur

Malama Binta, a mazhabar Malikiyya ruwan da launinsa ya canja saboda ƙasar da yake zaune a cikinta ko yake gudana a kanta, kamar laka ko gishirin wurin, yana nan a kan tsarkinsa kuma ana alwala da shi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci wannan a babin tsarki. Ruwan rafukan can daga mazauninsa ya samo launin, ba wata ƙazanta ce ta faɗa masa ba. Sai dai a nemi mai gudu, a duba kada a samu mushen tunkiya a samansa. Wannan hukuncin alwala ne, ban ce a sha ba. Wanda kuma yake tsoron cutuwa ta gaske idan ya cire takalmi ya wanke ƙafa a cikin wannan sanyi, ya tambayi malaminsa hukuncin shafa da na taimama tun yana gida, domin suna da sharuɗɗan da ba zan taƙaita su a nan ba.

Nura_Bradford

Mu idan mun fita mukan tafi da ƙaramin murhun gawayi mu gasa nama a sama. Yana ɗumama jiki kuma yana ƙara wa tafiya armashi. Ina ba Sadiq shawara su yi haka.

Dattijon_Holmfirth

Ɗana Nura, ina roƙonka da girman Allah ku daina wannan, kuma Sadiq kada ku ɗauka. Wannan baƙar ƙasa idan ta bushe makamashi ce, wuta tana shiga cikinta ta riƙa ci a ƙarƙashi kwana da kwanaki bayan an zaci ta mutu. A watan Yuni na 2018 gobara ta tashi a filin Saddleworth, maƙwabcin Black Hill ta yamma, ta yi makonni tana ci, aka kwashe mutane daga gidajensu, har sojoji aka kira. A watan Afrilu na 2019 wata ta cinye fili mai faɗi a Marsden Moor, kuma murhun gashin nama ne ya tayar da ita. Mu da ke zaune a kwarin mun shaƙi hayaƙin, mun ga abin da ya rage na tsuntsaye da sheƙunansu. Ƙananan hukumomin yankin sun haramta kunna wuta da gashi a waɗannan filaye, kuma akwai tara. A dafa shayi a gida a zuba a flas, a ɗauki dabino da burodi.

Nura_Bradford

Na ji, Baba, kuma zan isar wa abokan tafiyata.

Hauwa_Taswira

Bari in dawo da mu kan tambayar Sadiq, domin ina ganin lissafin lokaci ne zai yanke ta fiye da zurfin laka. A kan hanya mai kyau rukunin da bai saba ba yana yin kilomita uku zuwa huɗu a awa. A cikin dausayi, inda ake tsayawa a gwada ƙasa, a zagaye rami, a koma baya, da ƙyar a yi biyu. Ku ƙara hawan da ke tsakanin Crowden da ƙololuwa, da tsayawar salla sau biyu, da cin abinci. Idan kun bar mota ƙarfe goma, ɓangaren da ya fi wuyar ganewa zai same ku ne daidai lokacin da haske ya fara raguwa, ga gajiya. Idan kuwa kun tashi ƙarfe takwas, kuna da sarari.

Game da gane hanya, dogon ƙarfen watsa shirye-shirye na Holme Moss, wanda ya haura mita 200, yana gabas da ƙololuwar kuma ana hangensa daga ko'ina a filin. Mutane suna dogara da shi, amma shi ne abu na farko da gajimare ke haɗiyewa. Daga ginshiƙin, a cikin hazo, kowace fuska iri ɗaya ce, kuma wanda ya karkace kaɗan zai iya gangarawa wani kwari dabam da wanda motarsa take. Taswirar waya tana da amfani idan an sauke ta tun a gida, sai dai sanyi yana shanye batir, jiƙaƙƙen yatsa kuma ba ya aiki a kan gilashi. A samu aƙalla mutum biyu da suka iya ɗaukar saiti da kamfas daga taswirar takarda, kowa ya riƙe fitilar goshi, a bar wa wani a gida bayanin hanya da lokacin dawowa. Hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya tana fitar da hasashe na musamman don tuddan Peak District, wanda yake faɗin ƙarfin iska a sama da kuma inda gajimare zai sauko. Shi za ku duba, ba na cikin gari ba.

Ra'ayina yana tsakanin na Baba da na Malam Kabiru. Ku hau ta Pennine Way, ku yanke shawara a gindin ginshiƙin. Idan kun isa kafin azahar, kuna ganin ƙarfen Holme Moss tun daga gindinsa har samansa, kuma babu wanda ya jiƙe ko ya gaji, zagayen mai yiwuwa ne. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ku koma ta kan duwatsu.

Dattijon_Holmfirth

Tsarin Malama Hauwa yana da hankali, amma ina da ja a kansa. Na ga yadda matasa suke idan sun kai ƙololuwa: babu mai son ya zama shi ne ya ce a juya, kuma wanda ya fi kowa gajiya shi ne zai fi kowa yin shiru. Shawarar da aka bari sai an isa sama, yawanci mai ƙarfin murya ne ke yanke ta. Na fi son a yanke ta tun a gida. Kuma kada ku ɗauka wanda ya koma ta inda ya fito ya yi asarar kallo. Ita ƙololuwar a shimfiɗe take, ba a ganin abin kirki daga gindin ginshiƙin. Ku ƙara tafiya kaɗan a kan duwatsun ta arewa maso gabas har inda tudun ya fara gangarawa, nan kwarin Holme zai buɗe a gabanku da madatsun ruwansa da hasumiyar Emley Moor can nesa. Wannan ya fi duk abin da za ku gani a Tooleyshaw.

Abu_Hafsa

A nan kam na saɓa wa Baba. Kallon kwarin yana da kyau, amma irinsa ana samu daga tuddai da yawa. Abin da Black Hill ya keɓanta da shi shi ne filin da kansa, kuma ba a saninsa daga kan falalen dutse. A ƙarshen Nuwamba ma zomayen tudun sun fara rikiɗa zuwa fari, kuma a can nesa da hanya aka fi ganinsu.

Sadiq_Longsight

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa abokaina duk abin da aka rubuta. Mun amince a kan takalmin hawa mai rufe idon sawu, da barin auduga a gida, da tashi daga Crowden ƙarfe takwas, kuma babu wuta. A kan hanyar dawowa ba mu daidaita ba tukuna: wasunmu suna tare da Baba, wasu suna son tsarin Yaya Hauwa. Mutum ɗaya ne a cikinmu ya iya kamfas, saboda haka sharaɗinta na mutum biyu bai cika ba a yanzu. Akwai kuma wanda ba zai samu wuri a motar ba, yana tambaya ko ana iya zuwa ta jirgin ƙasa mu haɗu a sama.

Hauwa_Taswira

Ana iya sauka a tashar Marsden, a kan layin Manchester zuwa Huddersfield, a bi kwarin Wessenden ta gefen madatsun ruwansa har titin A635, sannan a tsallaka a kama shimfiɗar duwatsu. Amma tafiyar ta kusa kilomita goma kafin a kai ginshiƙin, kuma ban goyi bayan mutum ɗaya ya taho shi kaɗai don a haɗu a sama ba, domin wanda ya riga isa zai tsaya jira a cikin iska, waya kuma ba ko'ina take samun layi ba. Ku nemi mota ta biyu, ko ku duka ku tashi daga Marsden ku je ku dawo ta can. Idan kuna so, ku zo da taswirar ranar Asabar mai zuwa mu fita wani fili kusa da gari in nuna wa mutum na biyu yadda ake ɗaukar saiti.

Kabiru_Sheffield

Idan za a yi wannan darasi ni ma zan zo da nawa kamfas ɗin. Sadiq, ka duba ko taswirar da za ka saya mai rufin roba ce, domin ta takarda zalla ba ta daɗewa a ruwan can.